Ganye Mai Kunne

A tashar jirgin ƙasa ta Landan muka rabu da Malam Tukur, mijin ƙanwata Zulai. Shi ya rako mu tun daga Kano, amma kwas ɗin da ya zo yi a kudu yake, mu kuwa arewa muka nufa, ƙasar Sikotlan. Ya saka mu a tarago, ya tsaya a bakin taga yana jaddada mana abu ɗaya: kada mu ba kowa kayanmu. Sannan ya dube ni ya ce, "Yaya Dije, amanarsu tana hannunki." Na ce Allah ya ba mu ikon riƙewa. Jirgi ya ja, muka bar shi yana ɗaga hannu, hularsa ita kaɗai ce irin tamu a duk tashar.

Mu uku ne, ni da Zulai da 'yarta Ma'u, wadda lokacin take rarrafe. Zulai aka gayyata. Zane ta karanta a jami'a, kuma da za ta shiga, Babanmu, da yake malami ne a Limancin Kona cikin birnin Zariya, sharaɗi ɗaya ya kafa mata: kada ta zana mai rai. Ta riƙe wannan sharaɗi. Ganye da fure da saiwa su ne aikinta, har wasu masu wani babban lambu suka ga zanenta, suka kira ta ta je ta zauna cikin lambun wata uku tare da wasu masu zane da masu bincike, a ba su ɗaki da abinci, su kalli tsirrai su yi aikinsu. Ni raino aka tura ni.

Ban tafi a kan dole ba. Aurena ya haura shekara goma Allah bai ba ni haihuwa ba. Ranar sunan Ma'u, Innarmu ta ɗauke ta a gaban mata ta ɗora mini a cinya ta ce, "In an yaye ta, taki ce." Zulai ta sunkuyar da kai, kamar yadda ya dace da mai haihuwar fari. Tun daga ranar nake kallon yarinyar nan a matsayin tawa da aka ba wata ajiya. Da aka ce za a kai ta bayan teku, ko ba a neme ni ba da na nemi kaina.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni na koya wa Zulai riƙe gawayi. A bangon bayan ɗakin Inna nake zana mata ganyen gwanda tana kwaikwayo. A makarantarmu ta 'yan mata, furen da na zana malamar kimiyya ta manna shi a bangon aji har muka fita. Na gama aji biyar na yi aure, da son raina, kuma ban yi nadama ba. Amma a cikin taragon nan, ina kallon Zulai ta rungume jakar takardunta a ƙirji, ni kuma na rungume 'yarta, sai na ji kishi ya taso mini. Na yi a'uziyya na juya wajen taga.

A Gilasgo sai an canja tasha, kuma da ƙafa ake tafiya. Muna tsaye da kaya, ga goyo, ga yayyafi, sai wani mutum mai gemu ya matso ya yi mana cikakkiyar sallama. Wallahi sai da na ji kamar a ƙofar zaurenmu nake. Ya ce ya taɓa aikin jirgin ruwa a Legas, har ya ce mana "sannu". Ya miƙa hannu ga babbar Gana-mas-go ɗinmu.

Zulai ta taɓa ni. "Yaya, kin manta abin da Malam ya ce?"

Na ce, "Mutumin da ya yi mana sallama? Haba Zulai, ki riƙa kyautata zato."

Ya saɓa jaka a kafaɗa, yana gaba muna biye. Da aka zo tsallaka titi, wata doguwar bas ta raba mu. Ta wuce, babu shi babu jaka.

A cikinta duk garinmu yake: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man shanu, kilishi, da garin kunun tsamiya da Inna ta daka mini saboda azumi na tafe. Na tsaya a bakin titi hawaye na zuba. Zulai kuwa dariya ta kama ta har tana riƙe ciki.

"Ina ma in ga fuskarsa lokacin da zai kwance ƙullin daddawar nan! Zai ɗauka gawa muka ɗauko."

Na so in yi dariyar, amma idona ya sauka a kan jakar takardunta, tana nan lafiya lau a ƙirjinta. Abin da ta zo da shi bai ɓata ba. Nawa ne ya tafi.

Daga nan ƙaramin jirgin ƙasa, daga shi sai wata tsohuwar bas da ta yi ta kewaya duwatsu da bakin ruwa. Tumakinsu sun fi mutanensu yawa. Da la'asar muka isa wata ƙofar ƙarfe, muka shiga tsakanin itatuwan da ban taɓa ganin tsayinsu ba, har wani gidan dutse. Wata tsohuwa gajera mai jan kumatu ta fito tana goge hannu. Sunanta Mora, ita ke kula da gidan da girki, kafin mako ya zagayo mun mayar da ita Gwaggo Mora. Ta gaida Zulai da girmamawa, sannan ta leƙa bayana ta ce, "Kai, 'yarki kyakkyawa ce."

Na jira Zulai ta gyara mata. Ba ta gyara ba, kuma na san ba za ta gyara ba, don ina 'yar gidanmu za ta buɗe baki ta ce 'yar fari tata ce? Ni ma na yi shiru. Daɗin da na ji a shirun nan, Allah ya yafe mini.

Washegari aka nuna wa Zulai ɗakin aikinta, na bi su da goyo. Ɗaki ne a ƙarshen lambu, bango ɗaya duk gilashi, yana kallon wani ɗan tafki. Ga teburin da mutum uku za su kwanta a kai. Ga fenti kala-kala a jere, ga buroshi cike da gwangwani, ga fararen takardu masu kauri an tara kamar tabarmi a kasuwa. A ƙofa akwai ɗan allo da ake juyawa, in an juya shi ba mai ƙwanƙwasawa. Da rana Gwaggo Mora ta kan kawo abinci a tire ta ajiye a bakin ƙofa ta koma a hankali, don kada a katse wa mai aiki tunani.

Ni tun da nake, ban taɓa jin an ce kada a katse wa mace tunani ba. A gidanmu ko salla kike yi sai an tsaya a kanki ana tambayar ina ashana. Na sa yatsa na shafa takarda ɗaya, sai Zulai ta ce, "Yaya, a hankali, hannunki da mai." Gaskiya ta faɗa, na shafa wa Ma'u mai da safe. Amma na kwana da maganar.

Sauran baƙin ba su da yawa. Akwai wani dattijo da ke yawo da rikoda yana ɗaukar kukan tsuntsaye. Akwai wata 'yar ƙasar Japan da ke wuni a durƙushe da gilashin ƙara girma tana kallon gansakuka a jikin dutse, abin da mu muke kankarewa a bakin rijiya. Da yamma su haɗu a tebur, kowa ya faɗi abin da ya gani. In Zulai ta buɗe baki sai duk su ajiye cokali. Ƙanwata, wadda na sha wanke wa majina, tana bayani da Turanci a kan yadda ganye ke juya baya in ruwa zai sauko, farfesoshi suna gyaɗa kai. Ni ina can ƙarshen tebur ina dama wa Ma'u dankali da cokali. In an juyo gare ni, tambaya ɗaya ce: yarinya ta yi barci?

Zulai ba ta ɗaukar Ma'u a gaban mutane, ba ta yi mata wasa, ba ta kiran sunanta. "Wannan yarinyar" take cewa, ko "'yar taki". In lokacin nono ya yi, in kai mata ita ɗakin aiki, ta karɓa ba tare da ta dube ta ba, ta juya allon nan ta rufe ƙofa. Ni in zauna a kan benci a waje ina jira, sanyi na shiga ƙashina. Kuma ta kan daɗe. In ta miƙo mini ita, sai in ga ɗigon koren fenti a dunduniyarta, ko a bayan kunne, wata rana har a tsakiyar kai.

Na ce, "Zulai, ko hannu ba za ki wanke ba kafin ki taɓa ta? Yarinya kamar an tsamo ta daga marina."

Ta ce, "Yi haƙuri, Yaya, mantawa nake."

Na ce a raina, ai dole ki manta. Allah ya ba ki hannu, ya ba ki miji mai kai ki Turai, ya ba ki haihuwa, har kin rasa wanda za ki kalla.

Ana haka azumi ya kama. Zulai tana shayarwa, ba ta yi. Ni kaɗai na ɗauka, a ƙasar da rana ba ta faɗuwa sai lokacin da a gida an daɗe da shafa'i da wutiri, alfijir kuma ya keto kafin mutum ya gyara kwanciya. Babu kiran salla, babu yaro mai shigowa da kwanon ƙosai daga maƙwabta, babu kunun tsamiya. Dattijon tsuntsaye ne ya fitar mini da alƙibla da kamfas ɗinsa, ya ɗora wani farin dutse a kan taga don kada in ɓata. Gwaggo Mora ta tambaye ni sau ɗaya me ya sa ba na cin abinci, na gaya mata. Daga ranar kullum sai in tarar da fulas a ƙofar ɗakina, da wani kunun hatsinsu mai kauri a ciki da zuma, da dafaffen ƙwai a naɗe cikin tsumma. Ta saƙa mini safa mai kauri, ta saƙa wa Ma'u irinta. Duk inda matar nan take, alherinta na bin ta.

Ita ce wata rana, muna feraye dankali, ta rage murya ta ce, "Yanzu na gane yarinyar nan ta ƙanwarki ce. Lafiyarta ƙalau kuwa? Ban taɓa ganin ta rungume ta ba. Akwai ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa ƙauye, ko in yi mata magana?"

Na yi dariya na ce lafiyarta lau. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari, cewa a wurinmu uwa ba ta nuna son ɗanta na farko, ba ta kiran sunansa, wasu ma har su mutu. Na ce ni kaina, da yake ni ce 'yar fari, Innarmu ba ta taɓa kiran sunana ba. Na ƙara da cewa ai ma ni za a ba yarinyar in an yaye ta.

Ta ajiye wuƙa ta dube ni. "Ita ta yarda?"

Na ce, "Ba ta ce komai ba."

Ta ce, "To ai kin ce ba a barinta ta ce komai."

Na ji haushin maganar. Na ce a raina, me Baturiya ta sani a kan zumunci?

Inda na samu sauƙi shi ne ɗakin gilashi. Wani ƙaton gini ne da suke hura wa ɗumi don tsirran ƙasashen zafi. Kana shiga sai gumi ya karyo maka kamar ana shirin ruwan farko a Zariya. Nan nake kai Ma'u da rana, in cire mata safa ta yi rarrafenta. A wani lungu na tarar da tsamiya a cikin tukunya, ba ta fi tsayina ba, an rataya mata suna a wuya. Na tsinki ɗan ganye na murza na shinshina, da ba azumi nake ba da na tauna. Mai ba su ruwa ya ce ta girme shi a wurin, amma ba ta taɓa yin 'ya'ya ba. An rufa mata asiri, an ba ta ɗumi da ruwa a kan lokaci, ba ta rasa komai ba. Na daɗe a tsaye a gabanta. Daga ranar kullum sai na je na gaishe ta.

A kan ciyawar da ke gaban ɗakin Zulai Ma'u ta fara tafiya. Na tsugunna ina tafa hannu ina cewa ta-ta-ta, ta saki benci, ta taho tana tangaɗi kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu, ta faɗo a ƙirjina. 'Yar Japan ta taso daga kan dutsenta tana tafi. Na ɗaga kai, sai na ga Zulai a jikin gilashi, buroshi a hannunta. Muna haɗa ido ta juya ta koma kan tebur.

Da yammar na kai mata ita nono, Ma'u ta ƙanƙame wuyana ta ƙi zuwa. Zulai ta miƙo hannu, yarinya ta juya baya tana kuka.

Zulai ta ce, "Yaya, da kin rage goyon nan. Kin sa ba ta san kowa ba sai ke."

Ga yunwa, ga ƙishi, rana ta ƙi faɗuwa. Na ce, "In sauke ta a ina? A cikin gwangwanin fenti? Ke ai kina da ganyenki. An ba ki ɗaki, an ba ki mai kawo abinci, an ba ki baiwa mai raino. Bayan nawa ma sai kin ƙayyade mini?"

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ban ce ke baiwa ba ce, Yaya. Allah ya huci zuciyarki."

Da ta rama da na fi jin daɗi. Da na zo yi wa Ma'u tofi kafin ta yi barci, kamar kullum, na karanta Falaƙi har na kai ayar ƙarshe, wadda ake neman tsari daga mai hassada. Sai bakina ya tsaya. Duk gidan nan, daga Turawa har 'yar Japan, ban ga wanda ayar ta fi dacewa da shi ba sai mai karanta ta. Na yi istigfari, na nemi gafarar Zulai washegari, ta ce ba komai. Amma abin bai fita ba, kwanciya ya yi.

Salla ta zo ta wuce ba mu ji ko ganga ba. Malam Tukur ya bugo waya ya yi mana barka. Zulai ta yi mana shinkafa da miyar tumatir, Gwaggo Mora ta zauna ta ci da hannu don ta faranta mana, tana ta shan ruwa saboda barkono.

Da wata ukun ya ƙare aka yi baje kolin ayyuka a wani tsohon rumbun dutse. Mutane suka zo daga garuruwa, mata da huluna, maza da lema. Sai ranar na fara ganin aikin Zulai, don kullum a kife take ajiye shi. Na ci kwalliya, na goya Ma'u da sabon zani, na shiga ina cewa a raina zan yi masha Allah da baki ko zuciya ta ƙi.

Galibin zanen na wani tsiro ne da ya cika lambun, ban san sunansa da Hausa ba. Yana fitowa daga ƙasa a naɗe, sannan ya warware a hankali, mu dai gammo muka sa masa suna. Mutane sun taru a gaban mafi girma. 'Yar Japan tana gaya wa wani cewa ba ta taɓa ganin wanda ya kama naɗin tsiron nan da rai haka ba. Na kutsa na duba.

Gammo ne, kore, da gashi-gashinsa. Amma naɗin bai tafi kamar na lambu ba. Ya murɗa, sai ya rabu biyu a tsakiya. Na san wannan murɗin. Kullum da safe ina shafa masa mai a tsakiyar kan Ma'u.

Na matsa ga na biyu. Wani faffaɗan ganye ne, gefensa na sama ya ɗan lanƙwaso ciki. Kunnen Ma'u na hagu ke nan, wanda Inna ta ce a gidan su Malam Tukur aka gado shi. Na uku, 'ya'yan fure biyar a jere ba su buɗe ba, na biyun ya ɗara na farko tsayi, yatsun ƙafarta. Ga wani toho a dunƙule, da ɗan ƙarami a soke tsakanin biyu, yadda take dunƙule hannu in ta yi barci a kan nono. Na bi bango tun daga farko har ƙarshe. Babu ido, babu baki, babu abin da Baba zai ce an saɓa masa. Ganye ne tsantsa. Amma babu takarda ɗaya da yarinyar nan ba ta ciki.

Sai na tuna ɗigon fenti a dunduniya, da bayan kunne, da tsakiyar kai. Na tuna daɗewar da nake yi a kan benci. Ashe in ta juya allon nan, ba kowa, ba Inna ba suruka, sai ta baje 'yarta ta yi ta kallo, tana bin ta da yatsa gaɓa-gaɓa.

Duk kishin da na yi a baya wasa ne. Ɗakin gilashi, da tire, da farfesoshi masu ajiye cokali, duk na haƙura da su saboda na ɗauka akwai abu ɗaya da na fi ta: ni ke son Ma'u. Da shi nake rarrashin kaina a kan bencin nan. Ga shi a bango, a gaban Turawa, an nuna mini ko a nan ban fi ta ba. Ni na san kunnen nan ne don ina wanke shi. Ita ta san shi har ta iya fitar da shi daga cikin ganye.

Na fita na tafi wurin tsamiyata. Can Zulai ta same ni, ta tsaya daga baya.

Na ce, "Zulai, ganyen nan naki kunne gare shi."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Yaya, don girman Allah kada ki gaya wa Baba."

"Me zan gaya masa? Mai rai ya hana. Wannan ganye ne, kowa ya shaida."

Ta yi 'yar dariya a cikin mayafin, dariyar ta koma wani abu. Da ta natsu ta ce, "Maganar Inna tana nan, Yaya. Ni ban ce komai ba, kuma ba zan ce ba."

Ma'u tana barci a bayana, numfashinta na dukan wuyana. Na gyara majanyi na ƙara ɗaure shi. Na ce, "Na sani." Iyakar abin da na iya cewa ke nan.

Ranar da za mu taho Gwaggo Mora ta rungume mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ta riƙe ni ta daɗe, ni kuwa ban ba ta fuskar magana ba. A Gilasgo na riƙe jakata da hannu biyu, ko wa ya yi sallama daga nesa nake amsawa.

Muka dawo gida, damina ta wuce, wata ta kusa. Lokacin yaye ya yi. Baba ya yi rubutu aka ba Ma'u ta sha, Inna da kanta ta kawo mini ita gidana a nan Limancin Kona da akwatin kayanta. Maigidana Malam Sani har ya riga ya sayo mata ɗan takalmi mai ƙara. A ƙasan akwatin na tarar da takarda a naɗe. Na warware, babban gammon nan ne, wanda wani Bature ya nace zai saya Zulai ta hana. Ta haɗo mini da shi, ba saƙo ba komai.

Yarinya ta yi kukan nono na 'yan kwanaki ta haƙura, don ta saba da bayana. Ta sha kunu, ta bi kaji, ta cika mana gida da ƙarar takalmi. Abin da na roƙa shekara da shekaru ga shi a tsakar gidana. Na kafa zanen a bangon ɗaki. Sai ya zama in na zauna ina yi mata kitso, in ɗaga kai in ga murɗin a bango, in sunkuya in gan shi a hannuna. In ina wanke mata kunne, sai in ji kamar wata na tsaye a jikin gilashi da buroshi tana kallonmu. Na sauke zanen na tura ƙarƙashin gado. Bai hana ba.

Wata Juma'a da hantsi na haɗa kayan Ma'u a akwatin. Malam Sani ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona.

Ya ce, "Dije, kin tabbata?"

Na ce, "Ban tabbata ba, Malam. Amma in na jira sai na tabbata, ba zan kai ta ba."

Ya sunkuya ya ɗauki takalmin ya saka wa Ma'u a ƙafa da kansa.

A gidan mijinta a Gyallesu na tarar da Zulai a tsakar gida tana tankaɗe, surukarta Hajiya Babba na zaune a kan tabarma tana jan carbi. Zulai ta rame. Muka gaisa, na kwance goyo na dire Ma'u, na ajiye akwati a gefenta.

Hajiya Babba ta ce, "A'a, Dije, yaya haka? Ba ke aka ba ba?"

Na ce, "Hajiya, fitina gare ta. Ba ta barina barci, ta fasa mini kwanon sha, ta kori kajina. Ku riƙe abarku. In na yi marmari na aiko a kawo mini ita ta wuni."

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi surukarta, ta ci gaba da jan carbinta. Ta ce, "Allah ya ba ki naki, 'yar nan."

Zulai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Me ya dawo da wannan kuma? Mutum ya fara hutawa." Ma'u ta tafi da ƙarar takalminta ta dafa mata gwiwa. Zulai ba ta dube ta ba, ta ci gaba da kaɗa rariya. Garin ya ƙare tuni, ba abin da ke sauka, tana ta kaɗawa. Gaban rigarta ya jiƙe.

Ban tsaya cin abinci ba. Na ninke zanin goyo na riƙe a hannu, na taka da ƙafa har na shigo ƙofar gari, ana ta tafiya masallaci. Rana tsaka ce, ana zufa, amma duk sanyin da na sha a ƙasar can bai kai wanda na ji a bayana ba ranar.

Zanen dai ban mayar ba. Na zaro shi daga ƙarƙashin gado na sake kafa shi, yana nan har yau. Zulai ta sha ganinsa in ta zo, ba ta taɓa tambaya ba, da ta tambaya ma ba zan ba ta ba. Baba ya shigo ɗakin sau ɗaya da ba ni da lafiya, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Masha Allah, ganye."